A Koya wa Mai Ba da Kati Kafin a Hana Shi Duba Yara

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin da ke shirya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci horo a kan inganta kula da yara, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, kuma babu abin da zai sa ka san ni. Sunana Iliyasu. A ƙauyukan da ke bayan Yangoji, a ƙasar Kwali, in ka tambayi Iliyasu sai an tsaya tunani, amma in ka ce Baba Mai Kati, kowace uwa za ta nuna maka inda nake. Mahaifina ɗan tireda ne daga Zariya, ya zo da ni nan tun ban iya ɗaura wando ba, a nan na girma, a nan na yi aure. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a kan tebur ɗaya a bakin ƙofar ƙaramin asibitinmu, ina rubuta suna, ina ba da lambar layi, ina adana kati.

Dalilin rubutuna shi ne, makonni uku da suka wuce an ba ni takardar tuhuma, an kuma hana ni wani aiki da nake yi kowace safiya, wato duba yaran da ke zaune a kan bencin jira. Na ba da amsa a cikin kwanakin da aka yanka mini, shiru. Na nemi shiga horonku, aka maido mini da takardata. Na zaɓi in yi magana a fili ne saboda kowane ƙaramin asibiti yana da tebur irin nawa, da mutum irina a bayansa. Zan jero maganata ɗaya bayan ɗaya, ka yi haƙuri da tsawonta.

Na ɗaya: yadda nake aiki a da.

Duk wanda ya san ni, da abu ɗaya ya san ni, shi ne layi. A wurinmu, da damina mace ba ta da lokacin zaman asibiti. Gonar doya na jiranta, ga ciyawa ta cinye masara, ga girki. Saboda haka da gari ya waye za ka ga an fara zuwa kama wuri: wata ta ajiye takalminta a kan benci ta koma gida ta ɗora tukunya, wata ta ajiye dutse. Idan na buɗe da ƙarfe bakwai da rabi, sai in bi takalma da duwatsu in raba lamba. Ban taɓa tsallake kowa ba. Matar mai unguwarmu ta taɓa zuwa a makare, ta tsaya a kaina tana gyara gyale tana jiran in gane ta. Na gane ta sarai, na ba ta lambar da ta dace da lokacin zuwanta, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Wannan hali ya sa mata suka yarda da ni, ni ma kuma, ba zan ɓoye ba, nakan ji kaina ya ɗan kumbura idan aka ce Baba Mai Kati ba ya son kai.

Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa akwai wani abu a aikina bayan wannan. Ranar da aka ɗauke ni, an nuna mini rajista, an nuna mini kabad ɗin kati, aka ba ni biro.

Na biyu: ranar da layina ya kusa cinye jikata.

Wata Laraba a daminar bara waccan, 'yata ta fari ta zo asibiti da goyo. Ranka ya daɗe, ban sani ba ko a gidanku ana kunyar ɗan fari, amma mu mun gaje ta kuma mun riƙe ta. Ba na kiran sunan wannan 'ya tawa, ba na zama hira da ita a gaban jama'a, a wannan takarda ma ba zan rubuta sunan ba. Jaririyar da ke bayanta kuwa, 'yar wata takwas, ita ce ta farinta, don haka ita ma kunyarta take ji. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita, balle a gabana.

Ta zo a tsakiyar layi, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ji idanun matan benci duk sun dawo kaina, ana jira a ga ko yau Baba Mai Kati zai karya dokarsa saboda jininsa. Sai na ƙi ɗaga kai daga rajista. Na tambaye ta ya jikin Amarya, haka nake kiran jikar tawa da wasan kaka da jika. Ta ce da sauƙi. Na miƙa mata lamba ta goma sha bakwai, ta je can ƙarshen benci ta zauna, yarinyar na lulluɓe a cikin hijabi. Ni ina tsare mutuncina na mai adalci, ita tana tsare kunyarta, muka yi kusan awa biyu a haka, tsakanina da su bai fi taku goma ba.

Wadda ta cece mu ita ce Mama Rifkatu, mai sharar asibitin, dattijuwa 'yar Gbagyi da ta raini 'ya'ya da jikoki ba adadi. Ta sunkuya za ta share ƙarƙashin benci, sai ta ji wani irin numfashi daga cikin hijabin. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta yaye shi, ta ɗaga murya: “Oga Iliya, ka ajiye biro ka zo! Wannan yarinya numfashinsa ba daidai ba. Duba ƙirji yadda yake shiga ciki!”

Da na iso na ga abin da har yau ban manta ba. Leɓen jikata ya dushe, ƙasan ƙirjinta na lotsawa da kowane numfashi, ido a lumshe. Ashe tun jiya ba ta kama nono ba. Sista Maryamu, shugabar asibitinmu, ta karɓe ta da gudu, ta yi mata allurar farko, ta sa aka nemo mota zuwa babban asibiti. Nimoniya ce, ciwon huhu. Kwana tara suka yi a can. Allah ya yi da sauran kwananta, yanzu tana tafiya da ƙafarta, tana ja mini gemu.

Daga baya na sa matata ta tambayi 'yar tawa me ya hana ta magana. Ta ce ta yaya za ta miƙe a gaban Baba, a gaban taron mata, ta ce 'yarta na mutuwa? Matata ta kawo mini amsar, ta ƙara da cewa da ni da 'yar duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Washegari na rubuta takardar ajiye aiki na kai wa Sista. Ta karanta, ta jefa a aljihun tebur, ta ce an saka sunanta a horonku na mako mai zuwa, in jira ta dawo.

Na uku: abin da horonku ya kawo mana.

A nan ne zan gode muku, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Mun saba idan babba ya je horo a cikin gari, abin da yake dawowa da shi jaka ce mai tambari da riga, sai labarin abincin otal. Mun ɗauka wannan ma haka ne. Sai ga shi ranar da Sista ta dawo ta tara mu duka bayan an tashi, a gindin mangwaron tsakar asibiti: ita, da ungozoma, da mai ba da magani, da mai gadi, da Mama Rifkatu, da ni. Tun da na fara aiki ban taɓa zama taro ɗaya da mai shara da shugaba a kan tabarma ɗaya ba.

Abu na farko da ta faɗa shi ne, a wannan zama ba a zo neman mai laifi ba. Ta ɗauki tsinke ta zana a ƙasa hanyar da yaro ke bi tun daga ƙofar shiga har zuwa teburinta. Ta tambaye mu wa ke fara ganinsa. Muka ce mai gadi, sai mai kati, sai mai shara in tana wucewa. Ta ce a cikin mu ukun wa aka taɓa koya wa abin da zai duba a jikin yaro? Muka kalli juna. Idon da aka horar yana can ƙarshen hanya, a bayan labule, yana jiran lamba ta kawo masa yaro. Sai ta juyo gare ni ta ce, “Baba, ba kai ne ka lalace ba, tsarin ne da gyara. Ko ni aka zaunar a teburin nan da biro kawai, abin da zan yi ke nan.” Ranka ya daɗe, ina da furfura, amma a gaban mutanen nan na yi hawaye.

Hanyar da ta ce kun koya musu ba ta da wuyar fahimta. A ɗauki matsala ɗaya tak. A gwada ɗan ƙaramin canji na mako guda. A riƙa rubuta abin da ya faru, ba a dogara da “ina ganin kamar” ba. A zauna a duba, in ya yi a riƙe, in bai yi ba a sake dabara. Matsalar da muka ɗauka ita ce daɗewar da yaro mai tsananin ciwo ke yi a benci. Aka ce in riƙa rubuta lokacin isowa a kan kowane kati, Sista ta rubuta lokacin da ta gan shi, ranar Alhamis mu fitar da na yaran da suka zo a jigace mu zana a allo da alli.

Gwajin farko nawa ne, kuma ya faɗi ƙasa warwas. Na ce in riƙa tambayar kowace uwa da kyau yadda jikin yaro yake, wadda ta ce ya yi tsanani in shigar da ita. Mako guda ina tambaya, mako guda ana ce mini da sauƙi. Bahaushiya da sauƙi, Bafulatana da sauƙi, matan Gbagyi ma da suka koyi Hausa a kasuwa sun koye ta har da wannan. Wata ta ce mini da sauƙi, ba a yi rabin awa ba ɗanta ya kama jijjiga a kan benci. Ranar Alhamis na zo ina jin kunya, sai Sista ta ce ai mun samu amsa mai kyau, yanzu mun san baki ba zai gaya mana ba, sai ido.

Gwaji na biyu ya zo da tasa matsalar. Ni namiji ne, ba zan kai hannu ga hijabin matar wani ba. Ungozoma ce ta kawo mafita: kowace uwa ta kwance goyonta da kanta, ta ɗora yaro a cinya, ta buɗe ƙirjinsa kafin a ba ta kati. Sista ta zaunar da ni da Mama Rifkatu da mai gadi ta koya mana abin da za mu duba: yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, wanda ke amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, mai jijjiga, wanda ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wanda ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa. Ta koya mini ƙirga numfashi da agogo, minti ɗaya cif, yaro na kwance shiru. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, in ya kai hamsin ya yi yawa. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, arba'in. Ta tsaya a kaina kwana da kwanaki muna ƙirgawa tare har ƙirgarmu ta riƙa zuwa ɗaya. Wanda na ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, sai in ba uwar jan kati, ta wuce kai tsaye. Ba na faɗin sunan ciwo, ba na ba da magani, ba na cewa kowa ya koma gida.

Sai rigima ta tashi daga inda ya kamata mu zata, wato masu takalma da duwatsu. Macen da ta kama wuri tun da sassafe ta ga wata ta zo yanzu-yanzu an shigar da ita, ai ba za ta yi shiru ba. An zage ni a wannan makon da harsuna uku. Har aka fara cewa Baba Mai Kati ya tsufa ya lalace. A zaman Alhamis, Mama Rifkatu ta ce laifinmu ne, mun canza doka ba mu gaya wa masu ita ba. Daga ranar, kowace safiya kafin in buɗe rajista, sai ta jingine tsintsiya ta tsaya gaban benci ta yi bayani da Hausa da Gbagyi, in akwai matan ruga a samu mai fassara musu. Ta nemi izinina ta riƙa ba da labarin jikata, na ce ta bayar, har da cewa kakan yarinyar ne ke riƙe da biro a ranar. Ba a yi wata guda ba rigimar ta kwanta.

Allon yana nan a jikin bango, kowa na iya zuwa ya gani. Zanen da ya fara daga can sama ya gangaro ya kwanta a ƙasa. Yaron da a da zai yi awa ɗaya ko biyu a lulluɓe, yanzu kafin uwarsa ta gama gyara zani yana gaban Sista. Ina yin kuskure, ba na musu. Na sha ba da jan kati ga yaron da kuka ne kawai ya sa numfashinsa hawa. Sista takan duba shi, ta maido shi layi, ta ce gara irin wannan kuskuren. Takardar ajiye aikina kuwa ban sake tambayar inda take ba.

Na huɗu: kukana.

A watan jiya wani jami'in duba aiki ya zo daga ofis. Matashi ne, ɗan gayu, kuma ban ga rashin ladabi a tare da shi ba. Ya same ni a sunkuye da agogo ina ƙirga numfashin wani yaro. Ya jira na gama, sannan ya ce, “Baba, wa ya ba ka izinin duba feshent? Kai rekod ne aikinka, rajista da kati. In wani abu ya faru yanzu, wa zai ɗauki alhaki?” Na kai shi gaban allo na yi masa bayani. Ya ɗauki hotonsa da waya, ya ce abin ya burge shi, amma doka doka ce. Bayan mako guda takardar tuhuma ta iso: ina yin aikin da ba nawa ba, ba tare da shaidar horo ba, in daina nan take, in kuma yi bayanin dalilin da zai hana a hukunta ni. Sista ta rubuta nata bayanin ta haɗa da nawa, ta ce ita ta sa ni. Har yau ba mu ji komai ba.

A cikin watan nan ne kuma sanarwar zagaye na biyu na horonku ta iso. Na yi murna, na ce ga mafita ta zo da kanta. Na rubuta takardar nema, na rubuta wa Mama Rifkatu tata ta dangwala hannu. Duka biyun suka dawo da layi ɗaya a sama da jan biro: horon na masu takardar shaidar aikin jinya ne kawai.

Ranka ya daɗe, ka dubi inda aka ajiye ni. An ce kada in duba yaro saboda ba a horar da ni ba, an kuma ce ba za a horar da ni ba saboda ba na cikin masu duba yara. Alhali kuwa abin da ake tuhumata a kansa daga ajinku ya fito. Ku kuka koya wa Sista ta bi sawun yaro daga ƙofa, ta bi, sawun ya kawo ta teburina.

Ba na cewa jami'in nan ya yi zalunci. Tambayarsa tana kan hanya. In aka bar kowane mai kati da kowane mai gadi ya riƙa yanke wa yara hukunci da ra'ayin kansa, za a yi ɓarna, ni ma ba zan so a yi wa jikata haka ba. Amma maganin wannan tsoro shi ne a koyar, a gwada mutum, a ba shi shaida, a shata masa iyakar da ba zai wuce ba. Hanawa kawai ba ta ɗauke yaron daga benci ba, yana nan zaune inda yake.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne, Sista Maryamu za ta yi ritaya a ƙarshen wata mai zuwa, za ta koma wajen iyalinta a Masaka. Wadda aka ce za ta maye gurbinta ba ta halarci horonku ba. Idan Sista ta tafi alhali ni a hane nake, Mama Rifkatu kuma a takarda mai shara ce kawai, to duk abin da muka gina zai koma zane a allo, wata rana a goge shi a rubuta jadawalin aiki.

Na biyar: roƙona.

Ina roƙon ka sa baki a dakatar da hukunci a kan takardar tuhumar nan har sai wani daga kwamitinku ya zo ya ga aikin da idonsa. Kada ya aiko da sanarwa, kada a share masa fili. Ya zo ranar Talata, ranar rigakafi, da ƙarfe bakwai da rabi, ya zauna a benci tare da mata.

Ina roƙon ku buɗe wani ɓangare na horon ga mu da muke bakin ƙofa: masu kati, masu gadi, masu shara. Ba mu ce a mai da mu nas ba. Kwana biyu ma ya isa a koya mana alamomin haɗari da ƙirga numfashi, da inda aikinmu ya tsaya. A yi shi da Hausa, a bar mai jin Gbagyi ko Fulatanci ya yi tambaya da harshensa. A gwada mu a kan yara na gaske a gaban malami, wanda ya ci a ba shi 'yar takarda da zai nuna wa jami'i in ya zo.

Ina roƙon a riƙa kawo horon inda aikin yake. Otal yana da sanyi, amma babu benci a cikinsa, babu uwar da za ta ce da sauƙi. In aka haɗa ƙananan asibitoci uku ko huɗu na yanki ɗaya a gindin bishiya, kowa ya zo da matsalarsa da allonsa, za mu koya daga juna fiye da yadda kuke zato. Mai katin wani asibiti da ke gaba da mu ya riga ya zo sau biyu a kan babur yana tambayar yadda muke yi.

Ina roƙon a saka sabuwar shugabarmu a wannan zagaye, a kuma bar ta ta yi ko da mako biyu ne tare da Sista Maryamu kafin ta tafi. Sista kuwa, kada ku bar abin da ke kanta ya tafi hutu tare da ita. Ku kira ta ta koyar.

Saura magana ɗaya, kuma gara ka ji ta daga bakina.

Tun da takardar tuhumar ta zo na bi umarni. Na saka agogo a aljihun tebur na rufe. Sai dai matan ba su san da wata takarda ba. Kowace ta iso gabana sai ta kwance goyo ta buɗe ƙirjin yaro kamar yadda ta saba, ni kuma in kafa ido a rajista ina jin kamar ɓarawo. Talatar da ta wuce benci ya cika har ƙasa, Sista da ungozoma suna ciki da mai naƙuda. Wata yarinya Bafulatana ta zo a ƙarshe, ta raɓe a gefe da ɗanta ɗan wata biyar, ba ta ce wa kowa komai ba. Sai wata dattijuwa mai sayar da doya a bakin titi, wadda ita ce ta biyu a layi, ta tashi ta leƙa yaron. Ta kamo hannun uwar ta kawo ta gabana, ta ce, “Baba Mai Kati, wannan ba na layi ba ne. Ina agogonka?”

Na dubi bencin. Mata sun fi talatin, kowace da gona a ranta, babu wadda ta ce uffan a kan lambarta. Ni suke kallo. Na jawo aljihun tebur na ɗauko agogon. Sittin da biyu na ƙirga, ƙirjin kuma yana lotsawa. Na ba da jan kati, Mama Rifkatu ta buga wa Sista ƙofa. An yi masa allura, an tura su babban asibiti. Ranar Juma'a mahaifinsa ya biyo ta asibitin ya ce yaro ya kama nono.

Saboda haka na karya umarnin da aka ba ni, da sanina, a gaban shaidu. Na rubuta a nan da hannuna domin kada a wahalar da kowa da bincike. Amma ina so ka san cewa na koma gida a ranar da farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba, domin na ga abin da kuka koyar da mutum ɗaya a cikin gari ya ratsa ta kan mai shara da mai kati har ya isa ga mai sayar da doya. Abin da ya kai nan ba zai yi wuyar yaɗuwa ba in kuka ba shi hanya, kuma ina kyautata zaton za ku ba shi.

Idan bayan duk wannan aka ga hukunci ya dace da ni, zan karɓa, shekarun da suka rage mini a aiki ba su da yawa. Abu ɗaya kawai nake roƙo: duk wanda za a zaunar a teburin nan bayana, a koya masa duba yaro kafin a miƙa masa biro.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi maka jagora a kan nauyin da ka ɗauka, ya raya maka zuriya, ya sa abin da kuke koyarwa ya zama sanadin tsirar yaran da ba za ku taɓa sanin sunayensu ba. Amin.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Iliyasu, Baba Mai Kati,
daga wani ƙaramin asibiti a bayan Yangoji, ƙasar Kwali.